Yadda ake kwance kafiretar tsohuwar mota a wanke ta a maida ba tare da an lalata ta ba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu son tsoffin motoci. Tun ranar da na tada akori-kurar mahaifinmu, Allah ya jiƙan shi, Peugeot 504 ce da ta shekara huɗu a zaune ƙarƙashin dogon yaro a gidanmu na Runjin Sambo, mutane ke tare ni a hanya suna tambaya wai inji na canza mata ko mi, don sun ga bugu ɗaya take tashi kuma ba baƙin hayaƙi. Wallahi ban canza inji ba. Fulogi na canza da kontak, wato ɗan makunnin da ke sa fulogi ya ba da wuta, na wanke tanki, sannan na zauna na ba kafireta yini guda cur, kuma wanga aikin na kafireta shi nake son in warware muku dalla-dalla, don abin na ci mini rai in ga an cire kafireta ta asali an jefar cikin tarkace alhali datti kawai ke damunta.

Motocin nan da munka taso muna gani, 404 da 504 waɗanda anka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, da Volkswagen kunkuru haɗin Legas, mafi yawansu kafiretar Solex ce a kansu. In ka goge jikinta za ka ga lamba, misali 32 ko 34, wannan faɗin maƙogwaronta ne a milimita, sai haruffa su biyo baya, irin su 34 PICT na kunkuru. Rubuta lambar nan a takarda tun yanzu, da ita za ka nemi kayan gyara. Yaran gareji na yanzu a kan injekta sunka koyi aiki, ba laifinsu ba ne, amma da ka kai musu irin wagga mota abin da za ka ji shi ne “Alhaji kafireta ta mutu, a sawo wata”. Ita kuwa ba ta cika mutuwa ba. Ba kwamfuta a cikinta, ƙarfe ne da 'yan ramuka da roba ɗaya ko biyu.

Ka fara gane yadda take aiki kafin ka ɗauki sifana, in ba haka ba kana kwancewa ne a makance. Akwai ɗan kwano da fetur ke taruwa ciki, a cikinsa akwai fulot mai yawo saman mai, in mai ya cika sai ya ɗaga ya tura allura ta toshe hanya, daidai da ƙwallon nan na tankin ruwan ban-ɗaki. Inji kuma yana zuƙar iska ta maƙogwaro, wurin da maƙogwaron ya tsuke iska na ƙara gudu sai ta jawo fetur ta cikin jet, wato ɗan sukurun tagulla mai siririn rami a tsakiya, ta gauraya da shi, kuma abin da inji ke so a nauyi wajen kashi 15 na iska ne da kashi 1 na fetur. To hanyoyin da man ke bi daban-daban ne: akwai ta sulo lokacin da mota ke tsaye tana aiki, akwai babban jet na tafiya, akwai ɗan famfo da ke tsarta mai lokacin da ka taka totur farat ɗaya, sai cok mai rage iska don tashin safe. Kowace hanya da irin ciwonta. Mota na mutuwa da ka ɗaga ƙafa a danja, hanyar sulo ce. Ka taka ta shaƙe kafin ta ɗauka, famfon totur ne. Tana tafiya sai ta kai wani gudu ta riƙa ja da baya, babban jet ko mai bai isa kwano. Baƙin hayaƙi da warin fetur da jiƙewar fulogi kuwa, nemi fulot da allura.

Amma tsaya. Tsohon da na koyi aikin nan a hannunsa, wani dattijon bakanike da ya tsufa a kan Peugeot, kullum abin da yake ce mini shi ne “ɗana, kak ka taɓa mai sai ka tabbata wuta ta yi daidai”. Gaskiya ya faɗa. Fulogi mai datti, kontak da ya cinye, taimin da ya goce, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta bai daidaita ba, duk suna kawo alamun da sunka yi kama da na kafireta. Duba su tukuna, ka cire tiyon mai ka sa a gora a buga maka sitata ka ga ko famfon mai na tofowa da ƙarfi. In duk waɗannan lafiya lau ne sannan ka zo kanta.

Kayan aiki ba su da yawa. Sifana lamba 8, 10, 12 da 13, sukudireba mai faɗin baki manya da ƙanana waɗanda bakinsu bai cinye ba, filaya, tsohon buroshin haƙori, babban tire ko faranti mai zurfi, farin ƙyalle, gwangwanin feshin wanke kafireta ɗaya ko biyu, tinna ko fetur mai tsabta na jiƙo, da kit na gyara mai ɗauke da gaskit da dayafaram, wato faifan robar famfon totur, da allura. Kit ɗin nan ka zagaya wurin masu sifiya ka nema da lambar da ka rubuta, kuma in son samu ne ka tafi da tsohon gaskit ɗin a hannunka a aza a kan sabo, don rami ɗaya da ya goce ya isa ya toshe maka hanyar sulo gaba ɗaya. Sai iska mai ƙarfi, in ba ka da kwamfaresa ka shirya da mai faci na unguwa tun da wuri.

Wurin aiki ma magana ce a garin nan. Lokacin hunturu kada ka baje kafireta a fili iska na kaɗawa, ƙurar da za ta sauka cikinta kafin ka gama ta fi wadda ka wanke, ka shiga zaure ko rumfa mai kariya amma wadda iska ke ratsawa saboda warin tinna. Lokacin bazara kuma, watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ka fara bayan asuba kafin rana ta ɗaga, fetur na tashi sama da sauri cikin zafin nan. Ba sigari, ba kusa da murhun mai shayi ko mai walda, inji a sanyaye, kuma ka cire kan batir na nagatif kafin komai.

To bismillah. Ɗauki waya ka yi hoto ta kowane ɓangare kafin ka taɓa ko noti ɗaya, musamman yadda sifirin na totur ya maƙale da inda kowane tiyo ya shiga. Cire gidan iyakilina, wato matatar iskar da ke shiga kafireta. Zare tiyon mai ka toshe bakinsa da kusa mai tsabta, ka cire wayar cok da sandar totur da ɗan siririn tiyon da ke zuwa distiribita mai rarraba wa fulogi wuta, in kunkuru ce akwai wayoyin wuta da ke zuwa cok da wani ɗan makunni na sulo a gefe, su ma ka zare. Sai notocin gindi, biyu ne ko huɗu ya danganta da irin kafiretar. In ta manne kada ka sa sukudireba ka ɓanɓara, ɗan bubbuga ta da ƙotar katako za ta saki. Tana fita, nan take ka cusa ƙyalle mai tsabta a bakin manifol, wato bututun da kafireta ke zaune a kai wanda ke kai wa inji mai da iska. Wosha ɗaya ta faɗa ramin nan ba ka sani ba, aikin yini guda ya koma sauke kan inji.

Ka karkata ta ka zubar da man da ke kwano cikin kwalba mai haske ka duba shi, nan za ka ga tarihin motar. Jan gari tsatsar tanki ce, yashi mai laushi ƙura ce, in ka ga wani abu ya kwanta a ƙasa kamar ƙwayar ido ruwa ne, kuma mu da muke yawan ɗaukar mai a galan da kwalba hannun 'yan bumburutu in an shiga ƙauye mun san inda yake fitowa. Wanke bayanta tukuna da buroshi kafin ka buɗe, don dattin waje kada ya shiga ciki.

Yanzu kwancewa, kuma nan ne nake roƙonka ka sassauta hannu. Jikin kafireta ba ƙarfe mai tauri ba ne, gami ne mai laushi, jet kuma tagulla ne, sukudireban da bai cika bakin jet ba sai ya tauna shi. Shimfiɗa farin ƙyalle a tire, duk abin da ka cire ka jera shi daga hagu zuwa dama yadda ya fito. Kwance sukurorin murfin sama, ɗaga a hankali kada gaskit ya yage ya bar rabi, ka ciro fulot da ɗan fil ɗinsa, ka kwance gidan allura daga murfi ka adana woshar da ke ƙarƙashinsa, za mu dawo kanta. Sai babban jet, a Solex da yawa yana ƙasan kwano ne ko bayan wani noti na tagulla a gefe, sai jet na sulo, sai jet na iska da ke sama tare da ɗan bututun nan mai ƙananan huji a jikinsa, sai murfin famfon totur mai sukurori huɗu, ka riƙe shi da yatsa don akwai sifirin a ciki. Wasu suna da ɗan ƙwallon ƙarfe ƙarami a hanyar famfon, kada ka kifa kafireta a ƙasa ya ɓace cikin rairayi, kifa ta a tafin hannunka. Kowane jet akwai lamba a kansa, rubuta lambar da ramin da ya fito, don wasu zarensu ɗaya ne, za su shiga ramin juna lafiya lau amma motar ba za ta taɓa yin daidai ba.

Sukurun miksa, wanda ke daidaita man sulo, shi ba a fara da kwance shi. Ka fara murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ka ji ya taɓa, taɓawa kawai ba ɗaurewa ba, ka rubuta adadin, sannan ka fito da shi. Bakinsa tsini ne kamar allura, in ka ga ya cinye a zagaye ko ya lanƙwashe wani ya taɓa matse shi da ƙarfi, a canza shi. Batafulai kuwa, wato faifan nan da ke buɗewa in ka taka totur, bar shi inda yake. Sukurorinsa an daddake bayansu ne da gangan don kada su kwance su faɗa inji.

Duk abin da yake roba ko leda ka ware shi gefe, ba ya shiga tinna. Ƙarfen da tagullar ka jiƙa su awa biyu zuwa uku, in mota ta daɗe a zaune kamar tamu, inda tsohon fetur ya bushe ya bar wani ƙanzo mai danƙo kamar ƙaro, bar su su kwana. Na san akwai masu zuba ruwan batir ko soda wai don ta yi fari tas. Don Allah kada ka yi, tana fari a ido amma yana cin jikinta ta ciki yana faɗaɗa ramuka, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

Ga maganar da ta fi kowace muhimmanci a wurina. Kada ka tsokaci jet da waya, ko allurar ɗinki, ko tsinken wayar burki. Lambar da ke kan jet, a ce 130, tana nufin ramin kusan milimita 1.3 ne, an auna shi ne da kyau, kana zura ƙarfe kana juyawa ka ƙara masa faɗi ko ka karce shi, ido ba zai gani ba amma aljihunka zai gani a gidan mai, ga shi tun da anka cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda lita take. Motoci nawa ne a garin nan ake cewa suna shan mai alhali hannun mai tsokaci ne ya jawo. Ka fesa masa maganin wanki, ka busa da iska, ka ɗaga shi ka hango haske, ramin ya fito zagaye tas. In ya ƙi, gashin buroshi guda ɗaya na leda ko zaren kamun kifi ya isa, su ba sa cin tagulla. Bututun nan mai huji a gefe shi ma kowane huji sai ka ga haske ta cikinsa.

Kuma wanke jet kaɗai ba wanki ba ne. Cikin jikin kafiretar akwai hanyoyi da anka huda waɗanda ba ka gani, su ne ke toshewa. Sa ɗan jan bututun gwangwanin feshi a ramin jet na sulo ka fesa, ka leƙa maƙogwaro, dole ka ga ya fito ta ramin sukurun miksa da wasu 'yan ƙananan huji da ke daidai gefen batafulai. In bai fito ba ka sake jiƙawa ka sake fesawa, ko sau biyar ne, kada ka wuce wurin nan. Haka za ka bi hanyar famfon totur har bakin ɗan bututun da ke tsartawa, da hanyar babban jet. Kare idonka, feshin na dawowa ta inda ba ka zata ba kuma yana da zafi ƙwarai. Bayan nan iska ta bi kowace hanya ta baya da ta gaba. Kada dai a busa iskar kwamfaresa alhali fulot ko dayafaram na ciki.

Kafin ka maida, bincike. Girgiza fulot kusa da kunnenka, in ka ji motsin ruwa ya huje, na tagulla kana iya tsoma shi a ruwan zafi ka ga inda kumfa ke fita. Allura ka goge ta ka hura da baki ta inda mai ke shiga, kana danna ta da yatsa iska ta tsaya cak, in tana sulalewa sa sabuwa. Dayafaram in ya bushe ya yi tauri kamar ƙirgi ko ya tsage, ba gyara sai canji. Kama sandar batafulai ka girgiza sama da ƙasa, in tana kaɗawa sosai iska na satar hanya ta nan, kuma duk saitin duniya ba zai sa sulo ya zauna ba sai an kai wa masu injin yankan ƙarfe sun sa mata bushi. Sai gindin kafiretar, aza shi kan gilashi ka ga ko ya zauna daidai, yawan matse noti na sa kunnuwansa su lanƙwashe, in kaɗan ne ka shimfiɗa samfefa mai laushi kan gilashin ka goga a hankali har ya daidaita.

Maidawa kishiyar kwancewa ce, daga dama zuwa hagu a tirenka. Kowane jet ka fara ɗaura shi da yatsa sannan ka ɗan ƙara da sukudireba, ya zauna kawai. Woshar nan ta ƙarƙashin gidan allura da na ce ka adana, a Solex masu maƙogwaro ɗaya kaurinta ne ke saita tsayin mai a kwano, mai kauri na rage mai, siririya na ƙara shi, don haka ka sa wadda ta yi daidai da tsohuwar, kada ka tara biyu don ka ga sun zo a kit. Gaskit a bushe ake sa shi, ba gam ba silikon, fetur na narkar da silikon ya tafi ya toshe abin da ka sha wahalar buɗewa. Sukurorin murfi ka bi su a gicciye kaɗan-kaɗan. Sukurun miksa ka maida shi adadin da ka ƙirga, in kuma ka tarar da shi a hargitse ka fara da zagaye biyu zuwa biyu da rabi daga inda ya taɓa. Zuba ɗan fetur a kwano ka motsa totur da hannu, ka ga ya tsarta siriri miƙe cikin maƙogwaro ba ɗiga ba.

In akwai wani kaurin faifai mai kama da baƙin katako tsakanin kafireta da manifol, kada ka yar da shi, shi ke tare zafin inji. A zafin Sakkwato in babu shi sai ka tsaya sallar azahar ka fito mota ta ƙi tashi don man kwano ya tafasa. Cire ƙyallen manifol, sa sabon gaskit, ɗaura notoci daidai wa daida ba da ƙarfin tsiya ba, maida tiyo da wayoyi kana duba hotonka, kuma tun da kana wurin ka sa sabuwar filtar mai 'yar ƙarama kafin famfo. Buga sitata kaɗan-kaɗan har kwano ya cika. Kada wani ya tsaya yana tsiyaya fetur a maƙogwaro yana leƙawa ana bugawa, in ta yi atishawa wuta ce ke fitowa ta nan. Tana tashi ka fara duba yoyo.

Saiti ba a yinsa sai inji ya yi zafi sosai, cok a buɗe gaba ɗaya, iyakilina a kai. Da sukurun sulo ka kawo ta wajen 800 zuwa 900 a minti, in ba ka da agogon aunawa kunnenka ya isa, inda take tafiya sumul ba ta kakkarwa ba ta kuma ihu. Sai ka koma kan miksa, murɗa ciki kwata-kwata na zagaye kana jira 'yan daƙiƙu bayan kowace murɗa har ka ji ta fara tangaɗi, sannan ka dawo waje har ta kai inda ta fi daɗin sauti, in ka wuce za ka ji ta fara nauyi tana wari, sai ka koma tsakiya. In sulo ya hau ka sauke shi ka sake bin miksa sau ɗaya. Kunkuru mai 34 PICT-3 ita da babban sukurun da ke gefe ake saita sulo, ba a taɓa ɗan sukurun da ke kan hannun totur. In kuwa kana murɗa miksa inji bai ko kula ba, hanyar sulo ba ta buɗe ba ko iska na shiga ta gindi, haƙuri za ka yi ka sake saukewa.

Daga nan ka fita da ita hanya mai tsawo, ni hanyar Bodinga na bi na dawo, ka taka ta sosai, ka tsaya ka bari ta huce ka cire fulogi ɗaya. Ruwan ƙasa-ƙasa kamar tubalin da ya gasu shi ake so, baƙi mai kunkunniya mai ya yi yawa, fari fat kuma mai ya yi kaɗan, shi ne mafi haɗari don yana ƙona bawul. Iyakilina mai kwanon baƙin mai a ƙasa, irin na tsoffin Peugeot da kunkuru, lokacin hunturu ka riƙa buɗe shi duk sati biyu, in laka ta taru ka zubar ka wanke da kalanzir ka zuba sabon mai daidai layin da anka zana a jikin kwanon. In kuma za ka aje motar fiye da wata biyu, zare tiyon da ke kawo mai daga tanki zuwa famfo ka toshe shi ka bar inji ya yi aiki har ya mutu da kansa, kwano ya bushe kenan, sannan ka ɗaure bakin iyakilina da leda.